Manhaja ta Shida

Ruwan farko na daminar waccan shekarar a titin Shamaki, cikin garin Gombe, ya ritsa da Yakura. Mai Keke ya ce shi kam ba zai ƙara gaba ba, ya sauke ta ya juya abinsa. Ta rungume jakar kwamfutarta a ƙarƙashin hijabi, ta ruga rumfar shagon da ya fi kusa. Shagon magungunan dabbobi ne. Warin maganin kaska ne ya fara yi mata maraba, sannan mai shagon.

"Bismillah, shigo daga ciki, feshi zai jiƙa ki," in ji shi, ya jawo mata kujerar roba. Dogo ne siriri, da gani ba ya gaggawa da komai. "Ɗaliba ce?"

"Eh. Digiri na biyu."

"A wane fanni?"

Ta ɗan yi jim, ruwa na ɗiga daga gefen hijabinta. "Nazarin yanayi. Musamman ruwan sama."

Ya dube ta, ya dubi titi, ya sake dubanta. Ya yi iya ƙoƙarinsa, amma dariyar ta fi ƙarfinsa.

"Malamar ruwan sama, kuma babu lema?"

Yakura ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta shiga yi masa bayani da sauri cewa ita ba ruwan yau ko na gobe take karanta ba, na shekaru masu zuwa ne. Ya gyaɗa kai da ladabi har ta gama, sannan ya miƙa mata baƙar lemarsa.

"Sunana Zaharadeen. Ki riƙe wannan kafin shekarun su iso. Lambata tana jikin allon shago, in kin ga damar mayarwa."

Ta mayar. Daga ranar bai ƙara kiran ta Yakura ba, sai Hadarina. Ita kuma ta rama da Likitan Shanu.

Aikin Yakura ba shi da wuyar faɗa, yinsa ne wuya. Akwai manhajojin kwamfuta da masana suka ƙera don su kwaikwayi yanayin yankinmu, su nuna yadda damina za ta kasance nan gaba. Guda shida aka ba ta. Abin da malamarta Dakta Christy ta ɗora mata shi ne ta binciko ko manhajojin sun san iskokin da ke kawo mamakon ruwa, irin wanda ke cika kwari ya rushe katanga. Akwai iska mai laima da ke tasowa daga teku, ta biyo ƙasa-ƙasa zuwa arewa. Akwai wata mai ƙarfi can sama, daga gabas take zuwa tana turo hadari. Inda suka haɗu da kyau, nan sama ke ɓarkewa. Manhajar da ta ajiye iskar sama a inda ba nan take ba, to ruwanta wani gari zai sauka.

Duk wannan ta zana wa Zaharadeen da tsinke a ƙasan zauren gidansu na unguwar Bagadaza, wata ranar Juma'a da ya zo zance. Shi kuwa rabin hankalinsa yana kan zanen, rabi yana kan lallen hannun mai zanen. Da ya koma gida ya turo saƙo:

"Hadarina, na fahimci komai. Ke ce iskar teku, ni ne ta gabas. A Bagadaza muka haɗu, Allah ya sa mamakon alheri ne."

Ta amsa: "Likitan Shanu, ka ci rabin maki. Sauran rabin sai ka turo magabata."

A nan gizo ke saƙa. Baba Madu, mahaifinta, bai da matsala da yaron. Mutum ne da rikici ya taso shi daga Borno da iyalinsa, ya zo Gombe ya kama sana'ar huluna, burinsa kawai 'yarsa ta samu inda za a riƙe ta da mutunci. Alhaji Bamanga, mahaifin Zaharadeen, wanda suke kira Baffa, shi ne ya ƙi buɗe baki. Yana da 'yar ƙanwarsa, Bushra, wadda aka daɗe ana yi wa Zaharadeen kwaɗayinta. Uwarta, Goggo Delu ta GRA, ba ta zauna ba tun da ta ji labarin 'yar Bagadaza. Kafin damina ta ƙare, duk dangi sun san cewa yarinyar tana da girman kai, kuma wai tana da'awar sanin gaibu.

Maganar ta dawo kunnen Yakura, ta yi kuka mai isarta. Abin da ta fi so a duniya a lokacin shi ne tsohon nan ya ga cewa karatunta ba fankama ba ne.

Sai ga dama ta zo da rani. Zaharadeen ya turo mata:

"Hadarina, yau Baffa da bakinsa ya ambace ki! Zai gina wa maruƙa garke a gonarmu ta bayan gari. Yana so a gangare kusa da kwari don sauƙin ruwan sha, amma yana tsoron ambaliya. Ya ce, 'Tambayi mai karatun nan taka, ruwa mai ƙarfi zai ƙaru ne ko yaya?' Don Allah ki duba mana."

Ta buɗe kwamfuta. Biyar daga cikin manhajojin sun tafi a layi ɗaya kamar an ɗaure su da igiya: ruwa zai riƙa sauka a kai a kai, amma mamako ba zai ƙaru a Gombe ba. Ta shidan kaɗai ta bauɗe ta yi sama, tana nuna ruwa mai ɓarna. Tun farko Yakura ba ta son ta shidan nan. Ɓata mata zane take yi, har ta riga ta cire ta daga hoton da take shirin nuna wa malamarta. Gwajin iskokin kuwa, wanda shi ne ainihin aikinta, ba ta ma kai rabinsa ba.

Ta rubuta: "Biyar cikin shida sun ce babu matsala, amma ban gama bincike ba."

Ta tsaya tana kallon saƙon. Ta hango Alhaji yana taɓe baki, ta hango Goggo Delu tana cewa ai dama. Ta goge. Ta sake rubutawa:

"Ka gaida Baffa. Ka ce ya yi gininsa hankali kwance, dukkansu sun yarda babu matsala."

Ta tura.

Alhaji ya yi gininsa a gangare, da bulo da kwano. Ya ji daɗin amsar da babu kwana-kwana a cikinta, har ya riƙa faɗa a majalisarsu bayan Azahar cewa 'yar Barebarin nan ta san abin da take yi. Aka aiko gidan Baba Madu da ƙwaryar kindirmo da man shanu. Yakura ta sha kindirmon, amma bai yi mata daɗi ba. Duk lokacin da Zaharadeen ya ce mata magana ta kusa, sai ta yi murmushi ta kawar da kai.

A watan Agusta, wata rana bayan La'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin. Yakura na tsaye a tagar ɗakinsu ta ga yadda iska ta tsaya cak, sannan ta juyo da ƙarfi. Ruwan da aka yi ran nan sai da kwarin Bagadaza ya yi ruri kamar tirela. Kowa a gidan yana kwashe kaya, ita kuwa gonar da ba ta taɓa gani ba take tunani.

Da safe saƙo ya shigo:

"Ruwa ya cinye garken maruƙa. Mutane lafiya. Zan kira ki."

Bai kira ba. A bakin maƙwabta ta ji sauran: katanga ta tafi, maruƙa sun tafi, har da wata farar maraƙa da jininta ya fito daga garken kakan Alhaji. An ce tsohon ya tsaya a bakin kwari har rana ta take. Aka kuma ƙara mata da cewa Bushra tana can gonar kullum, ita ke kai wa masu aiki abinci, kuma a motar Zaharadeen ake dawo da ita.

Yakura ta ce a ranta shi ke nan, kuma ta cancanta. Ta daina fita ko ƙofar gida. Da ya samu kansa ya fara kira, sai ta kife wayar. Ba fushi take yi ba. Muryarsa ce ba za ta iya ji ba.

Sai ya rubuto:

"Hadarina, me na yi miki? Muna can muna bin kwari muna neman abin da ya rage, wayata ma jiƙewa ta yi. In maganar Bushra ce, ƙanwata ce, Goggo ke turo ta, ba ni na kira ta ba. Kuma ki daina ɗora wa kanki laifi. Na tsaya a gaban Baffa da Goggo da kowa na ce manhajojin duka shida haka suka nuna, ke isar da saƙo kawai kika yi. Na rantse musu a kan haka. Ki ɗaga wayata, don Allah."

Wannan saƙon ya fi ruwan yi mata ɓarna. Ya rantse. A gaban mahaifinsa ya rantse a kan maganar da ita ta san ba haka take ba. Ta kifa fuska a filo ta yi kuka har kanta ya yi ciwo.

Da ta gaji da kukan, ta ɗauko kwamfuta ta kama aikin da ya kamata ta yi tun rani. Ta jera abin da ma'aunan ruwan sama suka rubuta a shekarun baya, ta jera taswirar iskokin waɗannan ranaku, ta gwada kowace manhaja da su. Biyar ɗin nan duk sun ja iskar gabas sun kai ta kudu fiye da inda take, shi ya sa hadarinsu ke wuce Gombe ta ƙasa, su bar mata yayyafi. Mamakon da aka riga aka yi a baya ma yawancinsa ba su gan shi ba. Kuma ba mamaki bakinsu ya zo ɗaya, domin babbar manhaja guda ce ke ba su bayanin iskar da suke farawa da ita. Ta shidan da ta tsana, ita kaɗai ta sha daga wani wurin, kuma ita ta ajiye iskar kusa da inda take.

Dakta Christy ta duba sakamakon, ta cire tabarau. "My dear, ai wannan shi ne thesis ɗinki gaba ɗaya. To kukan na mene ne?"

Yakura ta faɗa mata komai, kanta a ƙasa.

Malamar ta ajiye tabarau a kan tebur. "Ki ji ni da kyau. Ruwa ɗaya ba ya ƙaryata model, wato manhaja. Ko mai kyau a cikinsu ba za ta faɗa miki ranar da katanga za ta faɗi ba. Da kin ce masa biyar cikin shida, ya yi gininsa, babu mai kama ki. Amma kin ce duka, alhali ba duka ba ne. Wannan kuma ba a ofis ɗina ake gyara shi ba."

Da yamma ta durƙusa gaban Baba Madu yana jera huluna a kan tabarma. Ta zayyana masa abin da ta yi, ta gama, ta jira faɗa. Bai yi ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Yakura, mu da muka baro gida da kayan jikinmu, mu ne za mu jawo wa wani asara mu yi shiru?" Ya ajiye hular da ke hannunsa. "Ba a aika ban-haƙuri ta waya. Gobe ki shirya."

"Baba, ni da bakina? A gabansa?"

"Da bakin wa kika faɗa?"

Yarinya ba ta zuwa gaban wanda take fatan ya zama surukinta, balle ta yi doguwar magana. Yakura ta san haka, amma ta bi mahaifinta har zauren Alhaji Bamanga a Shamaki. Tsohon na zaune kan buzu, farin gemu, carbi a hannu. Zaharadeen na gefe, ya ga su ya miƙe da mamaki.

"Jabbama," in ji Alhaji, yana yi musu maraba da Fulatanci. "Yau Babarbare ne a gidana da sassafe? Allah ya sa ba nono kuka zo roƙo ba."

"Bafulatani ko yana cikin jaje sai ya tsokani ubangidansa," in ji Baba Madu. Wasan da ke tsakanin kabilun biyu ya ɗan sassauta zauren, aka gaisa, aka jajanta. Sannan ya nuna 'yarsa. "Ga wadda ta kawo ni."

Yakura ta durƙusa nesa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Baffa, na zo neman gafara. Rantsuwar da Zaharadeen ya yi, bai san gaskiya ba, ni na ɓoye masa. Manhajojin shida ne. Biyar sun ce babu matsala, ɗaya ta ce akwai. Na goge ta na ce duka."

Ba ta iya duban inda Zaharadeen yake ba.

"Me ya sa?" in ji Alhaji, a hankali.

"Ina so ka ce na iya."

Hawaye na sauka a bayan hannunta. Alhaji ya ja carbi, ya ja.

"To biyar ɗin fa? Biyar ai sun fi ɗaya."

"Haka ni ma na ɗauka, Baffa. Da na bincika, ashe duk biyar ɗin a wuri ɗaya suka jiyo labarin iskar. Kuskure ɗaya ne aka maimaita sau biyar. Ɗayar ce ta jiyo daga wani wuri."

Tsohon ya ɗago kai a karon farko ya dube ta sosai.

"Yanzu in zan sake gini, ina zan yi?"

"Ban sani ba tabbas, Baffa. Babu wanda ya san ranar sai Allah. Amma abin da na gani ya fi karkata ga cewa irin wannan ruwan zai dawo. Da ni ce, a tudu zan yi, ko da ɗiban ruwa zai yi wahala."

"Da haka kika ce tun farko, da na ce ba ki san komai ba," in ji Alhaji. "Kuma da na yi a tudu." Ya sauke ajiyar zuciya. "Maraƙar nan ta yi min ciwo, yarinya, ba zan ɓoye miki ba. Tun ina yaro nake kiwon iyayenta. Tashi ki je, na ji."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Haka suka fito. Yakura ta koma gida da nauyin da ya fi wanda ta je da shi, don yanzu har Zaharadeen ya sani. Wayarta ta yi shiru ranar, ta yi shiru washegari. Sai a rana ta uku saƙo ya shigo:

"Na ji zafi, ba zan yi miki ƙarya ba. Na yi kaffarar rantsuwata. Amma na ga abin da kika yi a zauren nan, ni namiji ban san ko zan iya ba. Har yanzu ke ce Hadarina, in kina so."

Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. A ƙarshe ta tura: "Ina so. Kuma wannan karon babu abin da na cire."

Bayan an kawar da amfanin gona, Alhaji Bamanga da kansa ya zo Bagadaza da 'yan'uwansa da goro. Yakura na bayan labule tana jin su. Bayan an gama tsokanar juna, ta ji tsohon ya gyara murya.

"Madu, mutum biyar a dangina suka ce min 'yarka mai girman kai ce, na yarda saboda yawansu. Ranar da ta bar zaurena sai na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kowa a ina ya ji. Duk a bakin ƙanwata Delu suka ji. Ɗana kaɗai ya ce ba haka take ba, shi kuwa ya gan ta da idonsa, na ƙi saurarensa." Ya ƙara da cewa, "Ashe ni ma na goge na shidan. Ka ba ni ita."

Yakura ta toshe baki da mayafi don kada a ji kukanta.

Ta kare bincikenta da zane mai layi shida, na shidan da jan launi. Aka ɗaura aure a farkon damina mai zuwa. Goggo Delu ta zo da fuska a ɗaure, amma Bushra ce ta fi kowa rawa a wajen wushe-wushe, daren shagalin bikin Barebari, don ita ma ashe tana da nata a ɓoye. Alhaji ya aiko wa amarya da kyautar karsana, ya ce tana can sabon garke na kan tudu, duk ranar da ta so ta je ta gani.

Da La'asar, ana shirin kai amarya Shamaki, gabas ta fara haɗa hadari. Mata suka shiga kallon sama suna salati. Wayar Yakura ta yi ƙara a ƙarƙashin lafaya.

"Hadarina, abokaina suna tambaya, wai za a yi ruwa kafin ku iso?"

Ta yi murmushi, ƙamshin turaren wuta na tashi daga jikinta, ta rubuta:

"Ban sani ba, Likitan Shanu. Ka fito da lemar nan."

Da motar ta tsaya a ƙofar gida an fara yayyafi. Yana tsaye cikin farar babbar riga, baƙar lemar a buɗe a hannunsa. Tsofaffi suka ɗaga hannu, Baba Madu da Alhaji Bamanga kafaɗa da kafaɗa, suna roƙon Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa gaskiya ta zauna a tsakaninsu ko da mai ɗaci ce. Aka shafa, amarya ta shiga ƙarƙashin lemar mijinta, suka shige gida.